Yaron nan ba iskanci yake yi ba

Tun jiya raina a ɓace yake kan zancen yaron nan na layinmu, waɗanda suka yi Magariba a masallaci sun gani ba sai na maimaita ba. Yaro ɗan shekara 12, uba ya tsinka masa mari a bainar jama'a wai ya ƙarar da buta uku a alwala ɗaya har aka sallame bai shiga sahu ba, manya kuma na tsaye suna cewa ƙara masa. Haba jama'a! Ku dubi hannun yaron mana, duk ya tsattsage saboda yawan wankewa, wane yaro ne zai yi wa kansa haka cikin hunturun nan don jin daɗi?

Ba da gangan yake yi ba. Ciwo ne, likitoci na ce masa OCD, ciwon waswasi. Tunanin da ba ya so ne zai faɗo masa, akwai najasa a hannunka, ba ka kai ruwa gwiwar hannu ba, in ba ka sake ba wani abu zai samu mamanka, tsoro ya kama shi ya sake, ya ɗan samu sauƙi na minti kaɗan sai shakkar ta dawo ta fi ta farko ƙarfi, ya sake, ya sake, shi kansa ya san abin ba ma'ana amma ya kasa bari. Wata yarinyar goge rubutu take yi har takarda ta huje, wani ƙofa zai yi ta dubawa ya kasa barci, wani kuma munanan maganganu kan Allah ke zuwa masa a rai yana ɓoyewa yana kuka shi kaɗai don yana ganin ya kafirta. Cikin yara 100 ana samun 1 zuwa 3 da wannan ciwo, maza sun fi farawa da wuri tun wajen shekara 10, kuma yana bin dangi. In abin na cinye sama da awa ɗaya a rana ko ya hana karatu, ya wuce tsantseni.

Na san masu cewa shagwaɓa ce, mu ma da bulala muka tashi. To ga shi an daɗe ana dukansa, ya daina? Ƙaruwa ya yi, don tsoro ne ke hura ciwon, kai kuma tsoron kake ƙara masa. Masu cewa ciwon Turawa ne, dan Allah ku koma islamiyya. Sahabbai sun je wa Annabi (SAW) da kukan abin da suke ji a ransu wanda suke jin nauyin furtawa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, yana cikin Muslim. Mai shakkar ko alwalarsa ta karye a salla, cewa aka yi kada ya fita sai ya ji sauti ko wari. Lallashi aka yi musu da ilimi, a ina kuka samo mari?

A yi addu'a, a yi ruƙiya, ban hana ba, amma a kai shi asibiti. Maganin da ya fi aiki shi ne horo da mai ilimin halayyar ɗan Adam zai ba shi a hankali, ya yi alwala sau ɗaya ya zauna da fargabar bai sake ba har ta sauka da kanta, gobe a ƙara mataki. In abin ya yi tsanani likita ya haɗa da ƙwaya irin fluoxetine ko sertraline, kuma sai an yi haƙuri don takan kai sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinta sosai. Ba ta mayar da yaro mahaukaci, ku daina yaɗa wannan. Iyaye mata ku ma ku ji, yawan ce masa eh ka yi daidai duk sanda ya tambaya, da ɗebo masa ƙarin ruwa don tausayi, ciyar da ciwon ne. Na san zuciyar uwa ce, wallahi na sani, amma likita zai koya miki yadda za ki janye a hankali.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai Maiduguri, a Kano ga Dawanau ga Asibitin Malam Aminu Kano. Sai dai nan ma wani takaicin ne, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne, su ma kullum ficewa suke Ingila da Saudiyya. Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma uban da ke ƙauye har yau sai ya haɗa kuɗin mota da na magani kafin ya ga likita ɗaya, 'yan majalisarmu kuma ban ji wanda ya tashi ya tambayi ina aka kwana ba.