Kaza da 'Ya'yanta a Saman Benenmu na Agege

A watan Disamba, wajen ƙarfe goma na dare, taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta sukan kusa kai tsakiyar samaniyar Legas. Gungun yana nesa da mu kimanin shekara 440 na tafiyar haske, kuma yana ratsa wani gajimaren ƙura wanda ba shi da hasken kansa, sai dai ya maido da na taurarin, ya fito shuɗi domin ƙananan ƙwayoyin ƙura sun fi watsa shuɗin haske. Wani Bajamushe, Wilhelm Tempel, ya hango ƙurar nan daga birnin Benis a 1859 da ɗan ƙaramin madubin hangen nesa, saboda haka na ga ba dalilin da zai sa ta gagare ni, ni da nake da kyamara da kwamfuta.

Na'urar da ke juya kyamara ta bi tafiyar taurari sai an saita ta da tauraron arewa, wanda a Legas bai wuce digiri shida da rabi sama da doron ƙasa ba, wato daidai bayan tankin ruwan maƙwabcina. Na saita ta da tankin, na yi tawakkali.

Kwana huɗu ina roƙon a ɗauke wuta, addu'ar da ban taɓa jin wani ya yi ba a unguwar nan. A dare na biyar aka amsa, na samu duhu na minti uku cur kafin janareta su tashi ta kowace kusurwa. Duk da haka na ɗauki hoto 120, kowanne na daƙiƙa 30, na zubar da waɗanda jiragen da ke sauka Ikeja suka ja wa layi, na haɗa ragowar a kwamfuta.

Sai ga shuɗin hazo ya cika hoton! Na tashi uwargida daga barci, ta duba da kyau, sannan ta ce, "Malam, to ina kazar?"

Babu ita, domin na'urar ta bi tanki ta kauce. Uwargida ta buɗe taga ta nuna mini mai tsiren bakin layi, wanda ya rataya sabon shuɗin ƙwan fitila, hayaƙinsa da ƙurar hunturu suna maido da hasken zuwa saman benenmu. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a ilimance abu ɗaya ne da wanda nake nema, amma ta ce tunda ga shi kusa, in sauka in sayo mata na dubu biyu, a sa yaji da yawa.