Ka tambaye ni mana, ai ina nan zaune

Shekara shida ke nan, amma maganar ba ta bar kunnena ba. Muna ɗakin likita ni da Yayata, tana zaune a kujerar da ke dab da teburinsa, ni ina tsaye a bayanta. Likita ya ɗago kai, ya tsallake ta da ido, ya tambaye ni: "Tana barci? Tana shan maganin?" Ni kuwa ina ta zuba amsa kamar ita ba ta da baki. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan teburin, a hankali ta ce, "Likita, ka tambaye ni mana. Ai ina nan zaune."

Wannan fa matar da ta koya min karatu ce. Ciwonta na taɓin hankali ne, irin wanda kan ɗaga mutum ya kwana uku bai runtsa ba, sannan ya kayar da shi ya kasa tashi daga gado. Ranar kuwa garau take. Amma tun da aka rubuta sunan ciwon a katinta kowa ya daina sauraronta, har da ni. Ranar da aka fara kwantar da ita ni na sa hannu, kuma ba wanda ya karanta mata takardar.

Ciwon taɓin hankali daban, kasa yanke shawara daban. Tsofaffin dokoki sun haɗe su wuri guda: da zarar an kira mutum mahaukaci, sai a naɗa masa wakili ya riƙe komai, dukiyarsa, wurin zamansa, maganin da za a ɗura masa. Najeriya ta zauna da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023. Kada kuma a ce matsalar ƙasashe matalauta ce. A Amurka, mawaƙiya Britney Spears ta shafe shekara 13, daga 2008 zuwa 2021, ƙarƙashin riƙon kotu, tana cika dandali da 'yan kallo tana samun miliyoyi, amma ba ta da iko da kuɗinta. Mai kuɗi da suna ke nan, duniya na kallo. To ina ga wadda ba wanda ya san da zamanta?

Dokar da ta fi kwanta min a rai ita ce ta Ingila ta 2005. Ta ce a ɗauka mutum na da ikon yanke shawara har sai an tabbatar ba shi da shi, kuma kafin a ce ya kasa, sai an yi duk abin da zai taimaka masa ya fahimta. Ana auna ikon ne a kan shawara guda a lokaci guda: wanda ya kasa gane takardar sayar da gida yau zai iya sanin sarai inda yake son zama. Sai kuma sharaɗin da na fi so a rubuta a bangon kowane asibiti, cewa yanke shawarar da wasu ke gani wauta ce ba hujja ba ce ta rashin hankali. Mutum nawa muka sani da ke ƙin shan maganin hawan jini, ko suke busa taba bayan likita ya hana? Ba wanda ya kulle su. Muna cewa ra'ayinsu ne. Amma Yaya ta ce wannan ƙwayar na sa hannunta rawa, sai a rubuta "ba ta ba da haɗin kai".

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta ƙara gaba. Sashe na 12 ya ce a tallafa wa mutum ya yanke shawararsa da kansa. Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun soke naɗa wa baligi mariƙi don kawai yana da nakasa. Indiya a 2017 ta ba mutum damar rubuta yadda yake so a yi masa magani tun yana lafiya, ya kuma zaɓi wanda zai yi magana a madadinsa.

A nan fa nake rabuwa da wasu masu fafutuka. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ce a 2014 a daina yanke wa kowa shawara kwata-kwata, har da tilasta magani. Ba zan iya binsu har can ba. Na ga daren da Yaya ta buɗe ƙofa ƙarfe uku, ba takalmi, ta nufi titi tana cewa ana kiranta. Da na ce zaɓinta ne na koma na kwanta, da yasar da ita na yi. Akwai daren da dole a riƙe mutum. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dare ɗaya ya zama hukuncin shekara goma. A Sikotland tsarewar gaggawa ba ta wuce awa 72, ta gajeren lokaci kwana 28, kuma majiyyaci na da haƙƙin ƙalubalantar ta biyun a gaban kotu ta musamman, da haƙƙin samun mai tsaya masa wanda ba ma'aikacin asibitin ba. Tilas mai iyaka ke nan, mai ranar ƙarewa.

Doka kuma ba ta tafiya da aljihu wayam. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta samu a 2020 cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60, galibi iyalan da ba su da inda za su kai su ne. Gwamnatoci kuwa kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya suke ware wa wannan fanni.

Da Yaya ta samu sauƙi, ta zaunar da ni ta ce in ɗauko biro. Ta faɗi maganin da ke mata aiki da allurar da ke sandarar mata da harshe. Ta ce kada a ɗaure ta, kuma duk takardar da zan sa wa hannu a karanta mata ko da ana ganin ba ta ji. Ta sa hannu, ta ce, "Ranar da na rikice, wannan ce muryata. Ita za ka bi, ba tsoronka ba." Na ce, "To, Yaya."

Bara ciwon ya dawo. Na miƙa takardar ga nas ɗin da ta karɓe mu, ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta sa a fayil, ta ce za su yi ƙoƙari. Allah Ya saka mata. Sai dai alfarma ce ta yi mana, ba abin da ya wajabta wa kowa bin takardar. Wanda ya karɓi aikin dare bai buɗe fayil ɗin ba. Da safe na tarar da Yaya harshe a sandare, tana ta ƙoƙarin kiran sunana.