Ga ƙannena masu sha'awar kakin sojan sama

Ƙannena matasan Kano, duk wanda ya taso a Kurna, Fagge ko Birget ya saba da rugugin jiragen horo da ke tashi daga sansanin sojin sama na kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Sau da yawa nakan ga yara sun tsayar da ƙwallo cak, sun ɗaga kai, hannu a goshi saboda rana, har sai jirgin ya ɓace musu. Wannan sha'awa abin so ce, amma abin da ke damuna shi ne yadda take mutuwa a bakin majalisa, inda za ka ji saurayi yana cewa ai wannan aiki na 'ya'yan manya ne, wanda ba shi da uban gida kada ma ya wahalar da kansa.

Ku dubi Eya Mashal Hasan Bala Abubakar. A Shanono aka haife shi a shekarar 1970, nan cikin jiharmu. Ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna cikin rukuni na 39, ya fito da ƙaramin muƙamin hafsa a watan Satumban 1992, kuma sai a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi Babban Hafsan Sojin Sama. Ku lissafa da kanku: kusan shekara 31 ke nan tsakanin muƙamin farko da wannan kujera. Jama'a ranar naɗi kawai suke gani, da jiniya da 'yan rakiya, ba sa ganin asubancin fareti cikin hunturun Kaduna, da jarrabawar ƙarin girma, da kwasa-kwasai irin na kwalejin Jaji, da sauyin wurin aiki da kan raba mutum da iyalinsa watanni. Kafin shi ma an yi Sadique Abubakar, haifaffen Azare, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, wanda ya shiga aikin a 1979, bai kai ga wannan kujera ba sai a 2015.

Ba na musun cewa akwai son kai a ƙasar nan, domin kowa ya san akwai. Sai dai jirgi bai san ɗan wane ba. Wanda bai iya lissafin mai da nisan tafiya da yanayin iska ba, babu wasiƙar wani babba da za ta sauko da shi ƙasa lafiya. Shi ya sa ƙofar ke fara rufewa tun daga ajin sakandare, ranar da yaro ya tsallake katanga don gudun darasin lissafi ko fiziks. NDA tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tana neman sakamakon JAMB, kuma tana da iyakar shekarun haihuwa, ta yadda wanda ya ɓata ƙuruciyarsa a zaman banza, ko da ya farga daga baya, zai tarar bakin alƙalami ya bushe.

Sannan ku sani amana ce mai nauyi. A watan Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, rayuka masu yawa suka salwanta. Aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke jawo irin wannan musiba ba ya karɓar ƙwaƙwalwar da ƙwaya ta taɓa.

A nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Na koyar da wani yaro mai kaifin basira, wanda tun yana aji uku yake zana jirage a bangon littafinsa. Ya ci jarrabawar rubutu, aka kira shi tantancewa, mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta ta haɗa masa kuɗin mota zuwa Kaduna. Gwajin likita ne ya dawo da shi gida, saboda abokai sun riga sun koya masa shan maganin tari da ƙwayoyi, da sunan kore gajiyar karatu. Ya same ni a ƙofar gida bayan sallar magariba, ya durƙusa, ya ce, "Malam, ban san za su gane ba." Na rasa abin da zan faɗa masa, domin shekarunsa sun kai iyaka, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe.