Motar Asabar, wahalar kullum

Wai wace irin mota ce ba a hawa sai Asabar da Lahadi, amma tana cin kuɗi kamar mai jigilar Kumasi zuwa Tamale? Marsandi W124 ce ta 1994, duk wanda ya gan ta a unguwar Aboabo ta Kumasi sai ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfe ne!" To ƙarfen nan, ka rufe shi da tampol kwana kaɗan, batir ya mutu, taya ta sace, ɓera ya tare a kujerar baya har da iyalinsa. Ranar da ka sha babbar riga za ka ɗaurin aure, ranar za ta yi tari ta yi shiru, yaran unguwa suna turawa kana gumi. Ka kai ta Suame Magazine, matattarar makanikan Kumasi, makanike ya leƙa ya ce robar wayoyin injin ta rududduge, wai ciwon 'yan shekarar ne. Kayan fa? "Sai an aiko daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, Alhaji." Ka gaji da jira, su iso, ashe na Marsandi 190 ne! Inshora kuwa ina ruwanta da sau nawa ka hau? Ta shekara za ka biya cif. Sannan Hajiya ta dube ni tana tambayar me ya sa muke zuwa suna a pragya, keken haya mai ƙafa uku!