Na'urar EEG ba ta gano ciwon damuwa ita kaɗai

Wasu na ɗauka da zarar an manna wa mutum wayoyi a fatar kai, na'urar EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, za ta nuna ciwon damuwa kamar yadda gwajin jini ke nuna maleriya. Ba haka ba ne. Likita Bajamushe Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam a 1924, kuma farfaɗiya aka fi bincika da wannan na'ura. An lura masu damuwa kan shiga barcin mafarki da wuri, amma alama ce kawai. Har yau sai likita ya zauna ya saurari mara lafiya: barcinsa, cin abincinsa, baƙin cikin da ya kai mako 2 bai sake shi ba. Yana min ciwo in ji an ce wa mutum "awonka lafiya lau, ba abin da ke damunka".