Ƙauracewa ba maganar fatar baki ba ce

A watan Satumban 1880, manoman yankin Mayo a ƙasar Ailan suka juya wa wani mutum baya. Sunansa Charles Boycott, tsohon hafsan sojan Birtaniya, mai karɓa wa wani attajiri kuɗin hayar gonaki. Shekara ta yi gardama, manoma suka roƙi ragi, shi kuwa ya aika musu da takardun kora. Ko sanda ba su ɗaga masa ba. Leburorinsa suka watse, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, maƙeri ya ƙi aikinsa, har mai kai masa wasiƙa ya ɗauke ƙafa. Sai da aka kawo mutum 50 daga arewacin ƙasar, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 na gadinsu, sannan aka girbe gonar. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ailan, sunansa kuma ya zama kalmar Turanci, wadda mu muke kira ƙauracewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka rage wa kalmar nauyi. Waɗancan manoma da su aka dogara, kuma kowannensu ya haƙura da abin da zai ci. Haka baƙaƙen fatar birnin Montgomery a Amurka, bayan kama Rosa Parks a 1955 saboda ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera a bas: kwana 381 suna sayyada zuwa aiki, motocin haya na yawo fanko, domin su ne mafi yawan fasinja. Yau mutum zai rubuta a Facebook cewa ya ƙaurace wa kayan wani kamfani, washegari ka gan shi da su a leda.

Ita kanta dabarar ta girmi kalmar, kuma ba kullum take hannun mai gaskiya ba. Kuraishawa sun yi wa Banu Hashim haka a Makka, kusan shekara uku ba ciniki ba auratayya. Shi ya sa nake so mu riƙa tambayar wa ake ƙaurace wa, da kuma wanda zai kwana da yunwa.

Inda na fi shakka shi ne ƙaurace wa zaɓe, don akwatin ƙuri'a ba ya jiran kowa. A Disamban 1964 ƙawancen jam'iyyu na UPGA, wanda mafi yawan ƙarfinsa ke Kudu, ya ƙaurace wa zaɓen tarayya a Najeriya. Aka yi zaɓe a mafi yawan ƙasar, NNA, ƙawancen da jam'iyyar Sardauna ke jagoranta, ta kwashe kujeru, Tafawa Ɓalewa ya sake kafa gwamnati, waɗanda suka ƙaurace a Gabas kuma suka dawo suka tsaya takara a watan Maris na 1965.