Samun ɗan'uwa a Nima ba shi ne shiri ba

Makon jiya ɗan yayata ya kira ni daga Aboabo a Kumasi, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce "Kawu bayan sallah ina nan tafe Akra, na samu aiki." Na ce madalla, aikin me? Wai wani abokinshi ne ke gyaran waya a Tip Toe Lane nan Circle cikin Akra, ya ce ya zo akwai kasuwa. Na ce to a ina za ka kwana? Sai ya yi dariya ya ce haba Kawu, ai kana nan.

Wannan "ai kana nan" ɗin ita ce ta sa na zauna rubutun nan, don ba shi kaɗai ba ne, kusan duk yaron da ya taso daga Kumasi ko Tamale ko Bawku ko Yendi da ita yake shigowa mota. Kuɗin mota, jaka ɗaya, lambar wayar wani ɗan'uwa a unguwannin Akra irin su Nima ko Maamobi ko Madina, shi ke nan an gama shiri. Ni kuma ra'ayina, kuma na san wasu za su ce na cika ƙididdiga, wannan ba shiri ba ne, ɗora ma wani kayanka ne kawai ba tare da ka tambaye shi ko wuyanshi zai ɗauka ba.

Ban ce kar kowa ya zo ba fa. Ni ma zuwa na yi. Ƙidayar Ghana ta 2021 ta nuna yankin Akra ya haura mutum miliyan 5.4, a karon farko ya wuce yankin Ashanti, kuma ba haihuwa kaɗai ta kawo haka ba, mutane ne ke kwararowa don nan kuɗin ke juyawa, nan ofisoshi suke, tashar jirgin ruwa ta Tema na kusa, ga kasuwannin Makola da Kantamanto da Abossey Okai. Wanda ya ce ma saurayi ya zauna gida ya rungume hannu bai mishi adalci ba. Magana ita ce da wane lissafi za ka shigo.

Yawancin yara in suna lissafi abinci suke lissafawa, waakye nawa, koko da ƙosai nawa, tuwon dare nawa. Abinci ba shi ke kayar da mutum a Akra ba, ko babu komai zango ba ya barin mutum ya kwana da yunwa. Ɗaki ne ke kayar da mutum. Dokar haya ta ƙasar nan, wadda aka yi tun 1963, ta ce mai gida ba zai karɓi adibas, wato kuɗin hayar da ake biya tun kafin a shiga, da ya wuce na wata shida ba. Wannan a takarda ke nan. Je ka neman ɗaki ka ce ma mai gida wata shida za ka biya ka ga irin kallon da zai maka, shekara ɗaya in ya ji tausayinka, shekara biyu ita ce wadda aka saba, kuma in ka tsaya kawo maganar doka akwai mutum uku a bayanka da kuɗinsu a hannu. Akwai ofishin kula da haya da ake kai ƙara, gaskiya ne, amma wanda bai samu ɗakin ba tukuna ƙarar wa zai kai?

Mu buga misali, ba na ce haka farashi yake ko'ina ba. A ce ka samu ɗaki ɗaya a gidan haya na tsakar gida, sidi 400 a wata. Shekara biyu 9,600 ke nan. Ejan, wato dillalin da ya nuna maka, zai ce a ba shi kashi goma cikin ɗari, 960, ban da kuɗin "zuwa gani" da zai karɓa kafin ma ya ɗaga ƙafa. Kun ga mun haura 10,500 ba a sayi katifa ba, ba fanka, ba bokiti, ba tukunyar gas. In ka gaya ma tsohuwa a gida da tsohon lissafi, don har yau tun canjin kuɗi na 2007, da sidi dubu goma na da suka koma sidi ɗaya, wasu iyayenmu ba su bar tsohon ƙirge ba, sai ka ce mata miliyan ɗari da biyar, ta riƙe baki. Sai ka ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashi da aka tsayar na 2025, sidi 19.97 a rana, wanda in ka buga a wata bai cika 540 ba. Yaron da zai fara aiki a shago ko gadi ko koyon sana'a, wata nawa zai yi bai ci bai sha ba kafin ya haɗa adibas? Gwamnati ta fito da wani tsari a Janairun 2023 na biya ma mutum adibas ya riƙa mayarwa wata-wata, tunanin mai kyau ne, amma sai ka nuna shaidar kuɗin da ke shigo maka a kai a kai, kuma wanda ya sauka a mota jiya da jaka ɗaya ba shi da wannan.

To sai a ce maka ka fita bayan gari, ɗaki ya fi sauƙi. Gaskiya ne. Kasoa, Amasaman, Ashaiman, can bayan Adenta. Amma abin da mai gida ya bar maka, trotro, wato motar haya, zai karɓe. Kasoa, wadda sunan ma daga "kasuwa" ya fito, tana wajen kilomita 30 daga tsakiyar gari, kuma ba ma a yankin Akra take ba, amma dubban mutane daga can suke tasowa kullum. Wanda ya taɓa bin hanyar nan da safe ta Mallam zuwa Kaneshie ya san ba kilomita ake ƙirgawa ba, awa ake ƙirgawa, mutum ya fito kafin asuba ya yi sallah a hanya ya dawo gida bayan isha'i yara sun yi barci. A ce zuwa da dawowa na cin maka sidi 30 a rana, don sau da yawa ba mota ɗaya ba ce, sai ka sauka ka sake hawa, a kwana 26 ya zama 780. Ka tsere ma ɗakin 700 a cikin gari ka kama na 350 a waje, kana murna, alhali kullum met, wato yaron mota, na zare maka bambancin har da ƙari. Ni a ganina haya da kuɗin mota lissafi ɗaya ne, duk wanda ya raba su ya yaudari kanshi. Abin da kawai ya sa mutane ke zaɓan nesa shi ne kuɗin mota kaɗan-kaɗan ake fidda shi, adibas kuwa gaba ɗaya ake so, talaka kuma gaba ɗayan ce ba shi da ita.

Haka yake a komai, wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi shi ya fi biya da tsada. Gidan da babu makewayi, kullum sai ka biya na gwamnati ko na 'yan kasuwa, wanka ma a wasu unguwanni biya ake. Famfo in bai zo ba sai sayen ruwa a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, na sha kuma fiya wata. Mitar wuta ɗaya gidan mutum goma, ƙarshen wata a zauna rabon kuɗi ana gardamar wa ke da firiji wa ke guga da dare. Ka dubi 'yan matan nan kayayo da ke zuwa daga arewa, suna ɗaukar kaya a Makola da Tema Station, da yawansu a bakin shaguna suke kwana ko su cunkusu ɗaki ɗaya, amma duk da haka wanka kuɗi, bayan gida kuɗi, ajiyar kaya kuɗi. Ba su biyan haya a yadda muka san ta, amma in ka tara abin da ke fita hannunsu a wata za ka yi mamaki.

Sai kuma ɗakin da ka ga ya yi arha fiye da na maƙwabta, tambayi dalili. Sau da yawa ruwa ne. Babu wanda ke garin nan a ranar 3 ga Yuni 2015 da zai manta, ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Kogin Odaw na nan inda yake, manyan kwatocin da ke bi ta Nima da Alajo na nan. In ka je ganin ɗaki dubi bango daga ƙasa, ruwa na barin layi, in kuma ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai to ka gane. Kuma kar ka tambayi ejan, tambayi mai koko ta bakin layi, ita ce za ta gaya maka inda ruwa ya tsaya bara. Ni kaina farkon zuwana sau uku ina biyan wani ejan kuɗin gani, duk ɗakin da muka je sai a ce jiya-jiya aka kama, ashe ya san da haka tun kafin mu tashi. Akwai kuma gidajen gado, wanda ya karɓi kuɗinka yau, wata biyu wani ɗan'uwanshi ya ɓullo ya ce bai san da kai ba. Kar ka ba da ko pesuwa ɗaya sai da rasit da takardar yarjejeniya da shaida, ko da mai gidan limami ne.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a bes, wato majalisar hira, wajen shan ataya. Za a ce iyayenmu da kakanninmu da me suka zo? Ai zango don baƙo aka kafa shi, kuma arziki na Allah ne. Duk gaskiya ne, amma mu faɗi labarin cikakke. Fataken da suka riƙa sauka a Salaga da Kumasi da Ankara, kamar yadda tsofaffi ke kiran garin nan, ba hannu rabbana suke zuwa ba. Suna zuwa da shanu, da kanwa, da fata, da tufafi, su koma da goro. Mai masauki ya ba su wurin kwana ya ajiye musu kaya ya haɗa su da masu saye, shi kuma ya samu la'adarshi. Kowa na ƙaruwa da kowa, kuma baƙo na da ranar tafiya. Sannan lokacin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, ko lokacin da Malam Amadu Futa ya samu filin da ya zama Nima a shekarun 1930, fili ne a shimfiɗe, in baƙo ya zo a nuna mishi gefe ya kafa ɗaki. Yau shiga Nima ka nemo min inda za a kafa ko kejin kaji. Mai masaukin yau ɗaki ɗaya gare shi ko ciki da falo, da mata da yara uku, shi ma adibas ɗinshi na ƙarewa watan gobe. Ba zai ce maka kar ka zo ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma matarshi ce za ta riƙa fita tsakar gida duk lokacin da za ka canja kaya, kuma bayan wata huɗu zumuncin da aka gina shekara talatin ya fara tsami a kan sabulu da kuɗin wuta.

Ga kuma abin da babu mai sa shi a lissafi sam: gida. Ranar da ka sa hoto a WhatsApp kana tsaye gaban babban masallacin Kanda, a wurin mutanen gida ka riga ka yi kuɗi. Buƙatun Momo, wato tura kuɗi ta waya, za su fara zuwa, kuɗin magani, kuɗin makarantar ƙanwa, suna, awure, adu'a, mata kuma ga yayi, wato ankon biki, kusan kowane wata. An cire harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, alhamdulillahi, amma buƙatun ba a cire su ba. Gara tun kafin ka taso ka zauna da Hajiya ka gaya mata wata shida na farko kar a sa rai da komai, ya fi ka riƙa cin bashi kana turawa don kar a ce. Farashi kuma ba ya tsayawa inda ka bar shi, mun ga Disambar 2022 da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, mai shago na canja kuɗin shinkafa tsakanin safe da yamma. Abin ya lafa daga baya, amma lafawar na nufin hawan ya rage gudu ne, ba wai kaya sun koma kuɗinsu na da ba. Saboda haka farashin da abokinka ya gaya maka bara, ƙara wani abu a kai.

Shi dai ɗan yayar tawa ga yadda muka yi da shi. Na ce ya zo, amma mako biyu, ya bar kayan aikinshi da teburinshi na Kumasi yadda suke kar ya sayar. Ya je Circle ya zauna da abokin nan nashi ya ga da idonshi nawa ke shigowa a rana, nawa ake biya na wurin zama, kuma aikin na abokin ne ko shi ma a ƙarƙashin wani yake. Ya hau trotro da sassafe daga inda yake tunanin zai iya kama ɗaki, ya rubuta abin da ya kashe. Ya sabunta katin inshorar lafiyarshi kafin ya taso, don zazzaɓi ɗaya na iya cinye jarin. Kuɗin motar komawa ya ajiye su daban kar ya taɓa ko me ya faru. In ya ga abin zai yiwu, ya koma ya shiga adashi ya tara aƙalla adibas na shekara da abincin wata uku, sannan ya dawo, zan saukar da shi wata biyu kuma za mu faɗi ranar tashi tun ranar sauka, a gaban matata.

Ya ɗan yi shiru a waya, sai ya ce "Kawu kamar ba ka son in zo." Na ce ina so mana, shi ya sa. Ya ce to zai yi shawara da Hajiya ya kira ni ranar Juma'a bayan masallaci.